Daga Teburin Mai Shayi Zuwa Birnin Sin: Yadda Ake Koyar da Al'adun Duniya a Ƙaramar Sakandare

A shekarun farko da na fara koyar da Nazarin Zamantakewa a wata ƙaramar sakandare cikin garin Sakkwato, in muka zo kan al'adun wasu ƙasashe, iyakata in cika allo da rubutu. Japan: babban birni Tokyo, abinci shinkafa da kifi, tufafi kimono. Yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su amayar mini da abina, bayan mako biyu ko sunan ƙasar ba sa tunawa. Ban ga laifinsu ba. Yaron da iyakar tafiyarsa Illela ko Gusau, in ka ce masa Tokyo, kamar ka ba shi tatsuniya ne.

Aikina ya gyaru ne ranar da na daina farawa daga can. Yanzu daga abin da yaro ya taɓa da hannunsa yau da safe muke tashi, mu bi sawunsa har inda ya fito, mu ga mutanen da muka tarar a hanya. Kuma na daina ɗaukar kayan ni kaɗai, domin hanyar tana ratsa Lissafi da Kimiyya da Hausa da Tarihi, ko na so ko na ƙi. Ga yadda muke yi da 'yan aji biyu cikin mako shida.

Mataki na farko: zaɓi kaya guda, ka bar zancen ƙasa tukuna

Ka nemi abu ɗaya da za a iya ɗora shi a kan tebur, wanda kowane yaro ya sani, wanda kuma ya yi doguwar tafiya, ko ya zo mana daga nesa ko ya tafi nesa daga gare mu. Sakkwato ba ta rasa irinsu ba.

Akwai fatar jar akuyarmu, wadda majema ke jemewa da bagaruwa. Ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka riƙa yi wa littattafai bango da ita ana kiranta fatar Maroko, alhali akuyar a nan ta yi kiwo. Akwai wuri, wato ɗan farin ƙwanson nan da aka riƙa ciniki da shi a da. Akwai barkono da tumatir da gyaɗa da masara da rogo, waɗanda duk asalinsu nahiyar Amurka ne, abin da yara kan yi mini gardama a kai har sai na gaji, wai ta yaya za a ce akwai zamanin da aka yi miya ba barkono. Akwai gero, wanda namu ne na Sahel, amma yau Indiya ta fi kowace ƙasa noma shi.

In wannan ne karonka na farko, ɗauki shayi. Ba ya buƙatar kashe kuɗi, akwai mai shayi a kowace kwana, kuma da wuya ka sami wata al'umma da ba ta da irin nata salon shansa. Da shi zan yi misali har ƙarshe. Abu ɗaya kawai: duba kalanda kafin ka sa rana, kada makonnin su faɗa cikin azumi, tunda akwai ɗanɗanawa. Ni na fi son farkon zango na biyu, lokacin hunturu, kafin zafin Maris da Afrilu ya sauko aji ya zama tanderu.

Mataki na biyu: nemo abokan tafiya

Kada ka kira taron dukan malamai, surutu za a yi a watse. Mutum uku ko huɗu sun isa: na Lissafi, na Kimiyya, na Hausa, in an samu da na Turanci. Ku zauna sau ɗaya, kowa da manhajarsa ta zangon a hannu, ku duba abin da dama zai koyar a waɗannan makonni. Malamin Lissafi yana da riba da asara da kaso cikin ɗari. Malamar Kimiyya tana da narkewar abu cikin ruwa. Na Turanci yana da rubutun wasiƙa. Ba wanda zai ƙara wani sabon batu, misalansa kawai zai juya su fuskanci shayi.

Wannan ita ce maganar da za ka kai wa shugaban makaranta, domin tsoronsa ɗaya ne, kada a bar manhaja a baya jarrabawa ta zo. Ni abin da na ce masa shi ne: "Ranka ya daɗe, ba mu neman ƙarin lokaci, ba mu taɓa jadawali. Rana ɗaya kawai muke roƙo a mako na shida, bayan tara." Ya amince kafin in rufe baki. Da na shiga da zancen sabon tsari da sayen kayan aiki, da har yau takardata tana cikin durowa.

Ku yarda a kan abu guda: yara za su riƙe littafin rubutu ɗaya tak na wannan aiki, kowane malami ya sa su rubuta nasa a ciki. Littafin nan shi ne igiyar da ke ɗaure darussan. In kowa ya yi nasa a littafinsa daban, yaro ba zai taɓa gane cewa magana ɗaya ake yi ba.

Mataki na uku: yi taswira babba

Ku farke buhunan shinkafa huɗu, ku ɗinke su wuri ɗaya, ku zana nahiyoyi da alƙalamin maka. Ba sai ta yi kyau ba, girma ake so, yadda na bencin baya zai hango. Kada ka rubuta sunan ko ƙasa ɗaya. Ɗigo ɗaya ja za ka sa a Sakkwato. Duk wurin da darasi ya kai ku, yaro ne zai tashi ya rubuta sunansa, ya ja zare daga can zuwa jan ɗigon.

Mataki na huɗu: makon farko, tambaya zalla

Ka shigo aji da ƙaramar buta, da ganyen shayi iri biyu, baƙin nan na cikin 'yar jaka da koren da ake dafa ataya da shi, da kwalayensu. Ka zaga da su benci benci, a sansana, a murza. Sannan ka tambaya: a cikinku wa ya taɓa ganin gonar shayi? Za a yi tsit. A ajina wani yaro ya ce a kamfani ake yinsa kamar omo. Ban yi dariya ba, na rubuta amsarsa a allo tare da sauran.

Kada ka ba da amsa ranar. Raba su rukuni rukuni, kowane rukuni ya rubuta tambaya biyar da yake son sani. In ajinka ya haura mutum saba'in kamar nawa, rukunin mutum takwas ya fi sauƙin riƙewa, kowanne da shugaba da marubuci. Ka sa su karanta jikin kwali su nemo inda aka rubuta ƙasar da aka yi shi. Da yawa daga kwalayen koren shayi za su nuna Sin. Zare na farko ke nan a taswira.

Aikin gida na wannan mako shi ne wanda na fi ji da shi. Kowa ya sami tsoho ko tsohuwa a gidansu ya tambaya: kuna yara, da me ake karya kumallo? Yaushe kuka fara shan shayi, a ina? Ka koya musu gaisuwa da neman izini kafin tambaya, su kuma rubuta amsar da kalmomin mai maganar. Wata yarinya ta dawo da wannan: "Kakata ta ce sadda sunka taso, kunu da fura sunka sani, shayi sai gidan masu hali ko in an yi baƙo." A nan yara suka fara gane cewa abin da suke ɗauka na kaka da kakanni ne, shi ma baƙo ne da ya zo ya zauna.

Mataki na biyar: mako na biyu zuwa na huɗu, kowa ya ja zarensa

Malamin Hausa ne ya kamata ya fara, domin kalmar kanta taswira ce. Mu muna cewa shayi, daga Larabci muka aro. Mutanen Indiya da Iran da Rasha da masu jin Swahili suna cewa cai, Turkawa ma haka. Turawan Ingila kuwa ti suke cewa, Faransawa te. Duka biyun daga Sin suka fito: ca ita ce ta fi bin hanyoyin ƙasa da fatake, te kuwa lafazin mutanen gaɓar tekun kudu maso gabashin Sin ne, wanda jiragen ruwan 'yan Holan suka ɗauka zuwa Turai. A sa yara su ja zare kala biyu a taswira. Daga nan sai farautar kalmomin aro: littafi da alƙalami daga Larabci, kasuwa daga Barebari, agogo daga Yarbawa, tebur da bokiti daga Turanci. Yaran da ke da dangi a Konni ta Nijar za su gaya maka can lakwal ake ce wa makarantar boko, saboda Faransanci. Ka bar su su faɗa da bakinsu, ranar su ne malamai.

A darasina na Nazarin Zamantakewa, tambayar ita ce me ya sa shayi ba ya fitowa a Sakkwato. Itacen yana son ruwan sama mai yawa da ƙasa mai ɗan tsami, ya fi kuma jin daɗin tudu mai sanyi. Shi ya sa Sin da Indiya ke kan gaba a nomansa, Kenya ke gaba a Afirka, mu kuma a Najeriya sai tsaunin Mambila a jihar Taraba. Akwai wani abu da nake son nuna musu a nan. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Ka ɗora yatsa ka ja shi gabas a miƙe, za ka faɗa birnin Cennai na Indiya, shi ma a kan digiri 13. Rana ɗaya ke dukanmu, amma ruwan da suke samu a shekara ya kai ninki biyu na namu, domin su suna bakin teku, mu muna bakin Sahara. Daga wannan kaɗai yara kan fara hasashen dalilin da ya sa abinci da gini da tufafi ke bambanta, ba sai na ce su haddace ba.

Darasin Kimiyya gwaji ne mai sauƙi. Kofi uku masu girma ɗaya: ruwan randa, ruwan da ya sha rana, da ruwan zafi. Cokali ɗaya na sukari a kowanne, a juya daidai wa daida, a ƙirga lokacin narkewa da agogon waya, a rubuta a jadawali. Malama ce kaɗai ke zuba ruwan zafi, wannan ba abin sakaci ba ne a ajin da ake zama a matse. Sai kuma a bar ganye ya daɗe a ruwa a ɗanɗana baurinsa. Sinadarin da ke kawo baurin nan dangi ɗaya ne da wanda ke cikin bagaruwa yake jeme fata.

Lissafi yana da aiki biyu. Na farko, kowane rukuni ya je wurin mai shayin shiyarsu, da yamma lokacin da ba cunkoso, ya tambayo kuɗin sukari da madara da ganye da gawayi na yini, da kofi nawa yake sayarwa. Kada malami ya ƙirƙiro farashi, kasuwa ta riga ta wuce abin da ke cikin littafi. Da alƙaluman da suka kawo za a fitar da riba da kaso cikin ɗari. Na biyu shi ne agogo. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa. In ƙarfe 8 na safe ta yi a Sakkwato ana taron asambuli, a Makka ƙarfe 10 ne, a Delhi 12 da rabi, a Beijin 3 na rana, a Tokyo 4 na yamma. Rabin awan nan na Indiya yakan rikita su, kuma rikicewar tana da amfani, domin a nan suke gane cewa agogon ƙasa shawara ce da mutane suka yanke. Duk wanda aka taɓa kiran gidansu daga Saudiyya lokacin aikin Hajji ya riga ya san rabin darasin.

In kuna da malamin Tarihi, ko kai ne ke riƙe da shi, ka ware darasi ɗaya don nuna cewa hulɗar garin nan da duniya ba yau ta fara ba. Ka nemo wuri 'yan ƙwaya ka raba. Kalmar kuɗi da muke faɗa kullum jam'in wuri ce, wurin kuwa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya aka fi kwaso shi. Matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Battuta, ya gan shi a can, ya kuma gan shi ana ciniki da shi a ƙasar Mali a ƙarni na 14. Sannan ka ba su labarin Kilafatin, Baturen da ya iso Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka zana masa taswirar ƙasa a fada. Da ya komo karo na biyu, cikin tsarabarsa akwai littafin lissafin Yuklid na Girka da Larabci, sai Sarkin Musulmi ya shaida masa cewa gidansu dama suna da shi, an kawo daga Makka, gobara ce ta cinye. Kilafatin ya rasu a nan ƙasar Sakkwato a 1827. Malamin Lissafinmu da ya ji wannan, sai da ya sa na maimaita a gaban ajinsa.

Na Turanci kuwa wasiƙa ce zuwa ga wani sa'ansu a Kerico ta Kenya, inda gonakin shayi suke, su bayyana masa yadda ake shan abin da iyayensa ke tsinka.

Mataki na shida: mako na biyar, yadda wasu ke sha

Nan ne zuciyar aikin, nan ne kuma ake yin tuntuɓe. Kowane rukuni ya ɗauki al'umma ɗaya. Buzaye da atayarsu ta zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, ba a kuma gaggawa. Maroko, kore da na'ana'a, ana ɗaga buta sama a tsiyaya har ya yi kumfa. Indiya, a dafa da madara da citta da kayan ƙamshi, ana sayarwa a bakin titi kamar dai namu. Japan, garin koren ganye ake kaɗawa da ɗan maburgin gora, a tsanake, kowane motsi da ƙa'idarsa. Tibet, da man shanu da gishiri. Ingila, baƙi da madara. Tambayoyi huɗu kowa zai amsa: wa ke dafawa, wa ake fara ba, a wane lokaci, kuma me ya sa haka ya dace da ƙasarsu? In kana da waya, ka sauke gajerun bidiyo tun daga gida, ka zaga rukuni rukuni da ita, kada ka dogara da wuta ko sabis a makaranta.

Za a yi dariya, ka shirya mata. Da aka zo kan Tibet wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wanga ai miya ce, ba shayi ba." Aji ya kwashe. Na bari suka gama, sannan na ce kowa ya rubuta layi biyar yadda baƙon da bai taɓa ganin fura ba zai bayyana ta ga mutanen garinsu. Suka rubuta: ana cura gero kamar ƙwallo, a dama shi da nonon da ya yi tsami, a sa yaji, a sha da ludayi ɗaya ana miƙa wa juna. Da aka karanta a fili, su da kansu suka ji abin wani iri. Sai muka koma Tibet: tsauni ne mai tsananin sanyi, jiki yana neman maiƙo, dabbobinsu kuma suna ba da shi. Ka kafa doka ɗaya a aji: an yarda ka ce abu ya ba ka mamaki, amma sai ka biyo da "me ya sa".

Ka kula da jimlar da ke farawa da "duk". Duk Indiyawa rawa suke yi, duk 'yan Sin fuskarsu ɗaya. Daga finafinai suke kwaso wannan. Nakan tambaye su ko duk 'yan Najeriya tuwo suke ci, sai su tuna da ɗan ajinsu Bayarabe ko Ibo ko Badakkare. Amma kada ka tsayar da irin wannan yaron a gaban aji ka mai da shi abin kallo. In ya so magana, ya yi don kansa.

Sai batun addini. Shan shayin Japan yana da alaƙa da addinin Buda, kuma ba ka iya zancen kowace al'umma ka tsallake abin da ta yi imani da shi. A shekarar farko wani uba ya zo har ɗakin malamai ransa a ɓace, wai an ce muna koya wa 'ya'yansu bautar gumaka. Na ba shi kujera, na ce, "Alhaji, ga littafin ɗanka, duba da kanka." Ya duba, ya sauko, amma kuskuren nawa ne da ban sanar da iyaye tun farko ba. Yanzu kafin mu fara nakan aika 'yar takarda gida da Hausa, layi huɗu, in kuma roƙi malamin Addinin Musulunci ya buɗe makon da aya ta 13 ta Suratul Hujurat, inda Allah ya ce ya sanya mutane dangogi da ƙabilu domin su san juna. A aji kuma lafazina ba ya wuce "su a wurinsu haka suka ɗauka". Bayani nake yi, ba na yabo, ba na zagi.

Mataki na bakwai: fita, in hali ya yi

Gidan tarihi na Waziri Junaidu yana nan cikin gari, akwai tsofaffin rubuce-rubuce da kayan tarihin daula. A rubuta musu takarda tun da wuri, a sami izinin iyaye a rubuce, a tafi da rabin aji a lokaci guda. In kuɗin mota ya gagara, ka gayyato baƙo: tsohon direban da ya yi Agadas, ko wani Alhaji da ya yi zaman Sudan. Minti talatin, yara su yi tambayoyin da suka shirya.

Mataki na takwas: ranar baje koli da maki

A mako na shida kowane rukuni ya sami tebur: kwali mai bayani, jadawalin gwajinsu, lissafin mai shayinsu, da shayin al'ummar da suka ɗauka in ana iya haɗa shi da abin da ke kasuwa. Na Maroko da na Indiya da ataya ba su da wuya. Kurfoti yana waje, babba na tsaye a kansa. Ku gayyaci iyaye da 'yan aji ɗaya. Kowane yaro a rukuni sai ya yi magana ko da jimla biyu ce, in ba haka ba masu baki biyu za su cinye ranar, 'yan mata masu kunya su koma wanke kofuna.

Maki kuwa kada a ƙirƙiro sabon abu. Kowane malami ya duba shafukansa a littafin nan guda, ya ba da maki cikin na gwajin zango da dama yake bayarwa. Ni nakan raba nawa uku: hirar da aka yi da tsofaffi, amsar tambayoyi huɗun nan, da bayanin baki ranar baje koli. Ba na ba da maki don kyan kwali, domin wanda gidansu ke da kuɗin kala shi zai cinye. A jarrabawar ƙarshen zango nakan sa tambaya ɗaya da ba a taɓa yi a aji ba, misali me ya sa mutanen Jenne a Mali ke taruwa duk shekara su yi wa babban masallacinsu yaɓe, da me wannan ya yi kama a garinku. Wanda ya bi tafiyar zai amsa.

In an gama, a naɗe taswirar da zarenta a rataye ta sama inda gara ba za ta kai ba, a ajiye littattafai uku mafi kyau don nuna wa 'yan baya. Zango mai zuwa, in fata za ku ɗauka, a kan wannan taswirar za a ƙara sabon zare, ja, daga Sakkwato zuwa Agadas, zuwa Tarabulus ta Libiya, ya ƙetare teku. Ka je wurin majemi tun ana hutu ka gaishe shi, ka tambayi ranar da ya fi sauƙin karɓar yara, ka kuma gargaɗe su tun daga aji cewa wurin yana da wari, kada wanda ya toshe hanci a gaban mai sana'a.